Burushin zane: wanne ya kamata ka saya?

In da fentin akirilik kake zane, ka bar duk wani burushi mai gashin dabba ka nemi na roba, wanda zaka ga an rubuta Taklon ko nailon a jiki. Akirilik saurin bushewa gareshi, gashin dabba kuma baya jure yawan jiƙa da wanki, shi ko Taklon ka wanke da sabulu ka yarfe ya koma yadda yake. A cikinsu ma ni filbat ne nawa, mai faɗin nan da bakinsa ya zagaye kamar farce, ka kwantar dashi ya cike fili, ka juya shi ta gefe ya ja siririn layi, wajen saje launi a kumatu ko gajimare kuma baya barin kaifin gefe irin na mai miƙaƙƙen baki. Lamba 6 ko 8 ta isa farawa, sai dai kowane kamfani da awonsa, 8 ɗin wani ya kai 10 ɗin wani.

Gashin alade na fentin mai ne, tauri gareshi, yana barin sawu. Kolinsky kuma, gashin wutsiyar wata ƴar dabba ta Saiberiya, a fentin ruwa yana shan ruwa sosai amma tsadarsa ba ta mai koyo bace.

Kuma a nan ƴan damfara suka fi yawa wlh. Kamfanoni irin su Winsor & Newton da Escoda suna yin na gaske, amma sau nawa zaka ga an buga sunan Kolinsky a jikin burushin da gashin akuya ne aka rina. Sabon burushi da ƙaro ake shafe bakinsa, shi yasa ko jabu zaka ganshi da tsini gwanin kyau, sai an wanke asiri ya tonu. Ka jiƙa shi ka yarfe, na ƙwarai da kansa yake haɗe baki ya yi tsini, jabu sai ya baje. Ka ɗan ja gashin da yatsa, in ya biyo ka ajiye musu kayansu, ba abin da na tsana irin tsince gashi cikin ɗanyen fenti. Ƙarfen dake riƙe gashin ma ka murɗa shi, in yana motsi ko kaga layin haɗi a jikinsa, ruwa zai shige ya kumbura katakon har fentin mariƙin ya fara ɓarewa.