Askar gargajiya ko aska mai reza: abin da ya kamata mai saye ya sani

A Bauchi, masu komawa ga aska ba su da dalili ɗaya. Wani ya gaji da jiran wuta kafin kilifa ta tashi a shagon aski, wani kuɗin sayen kawunan reza mai baki uku ko biyar ne ya ishe shi, wani kuma yana ajiye gemu, don haka abin da yake nema shi ne gyaran fuska mai layi tsaf a kunci da wuya, wanda babu abin da ke fitar da shi kamar baki ɗaya mai kaifi. Akwai kuma wanda kawai yake kewar askin ƙwal-kwabo irin wanda wanzami ke yi wa mahaifinsa a ƙofar gida ranar Juma'a.

Aska iri biyu ce mai saye zai tarar. Ta farko ita ce ta asali, wadda bakinta ƙarfe ɗaya ne da ake wasawa, ko dai ƙirar maƙeranmu irin wadda wanzamai ke ɗauka a zabira, ko kuma ta waje mai naɗewa cikin mariƙinta. Garuruwan da suka yi suna a ƙera ta su ne Solingen a Jamus, da Sheffield a Ingila, da Thiers a Faransa, kuma kamfanoni irin su Dovo da Thiers-Issard har yanzu suna yin ta. Idan aka kula da ita tana iya kai wa jikoki, amma wanda ya saye ta bai gama sayayya ba, domin dole ya haɗa da dutsen wasa mai laushi da fatar da ake goga bakin a kai kafin kowane aski. A nan ne mafi yawan sababbin shiga ke karaya. Wasa aska sana'a ce, kuma dutsen da ake wasa wuƙar layya da shi zai ɓata mata baki ne kawai. Sai kuma batun tsatsa: ƙarfen da ya fi saurin ɗaukar kaifi shi ne ya fi saurin yin tsatsa, ta yadda askar da aka ajiye da danshi a watan Agusta za ta iya yin tabo cikin 'yan kwanaki idan ba a shanya ta an shafa mata ɗan mai ba.

Ta biyu kamanninta ɗaya da ta farko, sai dai ba ta da baki nata. Ana karya reza mai baki biyu gida biyu, a saka rabin a cikinta, a yi aski, a cire a yar. Ba ta buƙatar dutse ko fata, kuɗinta kaɗan ne, kuma rezar ana samunta a kowane teburin mai kayan koli, balle a Kasuwar Wunti ko Muda Lawal. Aibinta shi ne ba ta da nauyi kuma kusurwar rezar na da tsini, saboda haka hannu na ɗan karkacewa sai jini.

A ganina, wanda bai taɓa riƙe aska ba ya fara da ta biyu. Idan bayan wata biyu ko uku ya ga hannunsa ya zauna, ya iya kwantar da baki a kusurwa kamar digiri 30 yana ja da fata da ɗayan hannun, to sai ya nemi ta asali. A nan ma ya zaɓi mai faɗin inci 5/8 wadda ƙarshenta zagayayye ne, ya duba bakin a hasken rana ko akwai giɓi, kuma ya guji masu ƙyalƙyali da arha fiye da kima, don araha ba ta ado, yawancinsu ƙarfensu ba ya riƙe kaifi.

Mai yawan fama da ƙurajen aski, musamman a wuya da ƙeya, ya yi hattara. Gashinmu murɗaɗɗe ne, idan aka yanke shi ƙasa sosai yakan lanƙwashe ya koma cikin fata. Aska na iya fin reza mai baki da yawa sauƙi idan an jiƙa gashin da ruwan ɗumi da sabulu aka bi kwanciyarsa sau ɗaya, amma ga wanda abin ya yi wa tsanani, saisaye da kilifa ya fi masa.

Abin da ya fi nauyi shi ne lafiya. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana 7 ko fiye, kuma goge aska da tsumma ko ruwa ba ya kashe ta. Don haka ko mutum ba shi da niyyar yi wa kansa aski, sayen askarsa ta kansa yana da amfani: ya riƙa kai wa wanzaminsa duk ranar aski, ko ranar askin sunan jariri, wanzamin ya wasa masa ita, ya yi aikin, ya mayar masa da abarsa.