Wata takwas da sabuwar ɗamarar hawa bishiya: abin da na gani

Shekara shida na yi ina sassaben bishiyoyi a Kaduna da bel ɗin da ba na aikina ba ne, ban kuwa sani ba. Irin wanda magina ke sawa a saman bene ne: maɗauri biyu a kafaɗa, biyu a cinya, zobe ɗaya a tsakiyar baya. A kasuwa na saye shi, layin masu hular kwano da takalman aiki. Mai shagon ya rantse ko sa aka rataya zai riƙe. Riƙo kam ya riƙe, ban taɓa faɗowa ba. Sai dai an ɗinka shi ne don mutumin da ke tsaye da ƙafafunsa a kan katako, bel yana jiran ranar da tsautsayi zai gitta. Mu kuwa masu bishiya rabin yininmu a zaune muke cikin iska, nauyinmu duka a kan igiya.

Wata tsohuwar bishiyar maɗaci a Unguwar Rimi ce ta koya mini bambancin. Reshe ne ya miƙa kan rufin gida, babu wurin taka ƙafa, dole na saki jiki na rataya ina yanka shi gunduwa-gunduwa. Ban yi minti ashirin ba maɗauran suka nutse a matsematsina, ƙafar hagu ta yi minjirya, daga baya ma na daina jin ta. Yarona daga ƙasa yana ta "Oga, lafiya? Oga, sauko mana!" Da na sauko ƙafar ta ƙi ɗaukata, sai a gindin bishiyar na zauna. Hajiyar gidan ta aiko da ruwan sanyi, tana cewa, "Malam, in aikin nan ba zai yiwu ba a bar shi, rai ya fi rufi." A daren nan na fara bincike.

Abin da na fara koya shi ne karanta ɗan ƙyallen da ake ɗinkawa a jikin kayan. Tsohon nawa an rubuta masa EN 361, lambar ƙa'idar Turai ce ta bel ɗin da ke tare mutum in ya faɗo. Wanda mai bishiya ke buƙata yana ɗauke da EN 813, ta ɗamarar da ake zama a ciki a rataye ta gaba, da kuma EN 358, ta zobban gefen ƙugu da ake kafa jiki da su lokacin aiki. Sunayen da za ka fi cin karo da su in ka shiga intanet su ne Sequoia ta kamfanin Petzl na Faransa da treeMOTION ta Teufelberger na Ostiriya. Tawa ba ɗaya daga cikinsu ba ce, ta wani kamfanin Turai ce daban, kuma ba zan kama suna ba tunda ba talla aka ba ni ba. Tsarinsu dai kusan ɗaya ne. Wani abokina da ke zaune a Ingila ya taho mini da ita. Kafin nan sai da na je wurin tela ya auna mini ƙugu da cinya a kan wandon aiki, don girman ɗamara ba a yi masa "ai zai yi". Kuɗinta, in gaya maka gaskiya, ya isa ragon layya biyu masu kyau. Maiɗakina ta yi kwana biyu tana kallona.

Abin da ya biya kuɗin nan wata 'yar gajeriyar igiya ce da bai fi kamu biyu ba, wadda masu sana'ar ke kira gada. Ta tashi daga gaban cinyar dama zuwa ta hagu, da zobe a jikinta mai zamewa. A zoben ake maƙala igiyar hawa. In ka juya jikinka don ka kai zarto ga reshen da ke gefe, zoben ne ke tafiya a kan gadar, kai kuma ka karkata yadda kake so ba tare da igiya ta murɗe maka ƙugu ba. Ranar farko da na gwada a kan wata darbejiya, na kwanta a gicciye kamar mai hutawa a gadon igiya, hannu biyu a sake, sai na kama dariya ni kaɗai a sama. Shekara shida ina kokawa da igiya, ashe maganin ke nan. Nauyi kuma ya rabu tsakanin faffaɗan kushin na baya da na cinya, don haka zama ne kamar a kujera. Na yi awa uku a saman bishiyar turare a Malali, na sauko na tafi da ƙafata har mota.

Zobban gefe su ma sun gyara mini hali. Da can in zan tayar da injin zarto igiya ɗaya ce rak ke riƙe da ni. Yanzu ina kewaya gindin ko reshen da gajeriyar igiya, bakinta ɗaya a zoben dama, ɗaya a na hagu, ta zama ta biyu. In Allah ya ƙaddara zarto ya taɓa ɗaya, ɗayar tana nan. Zobban biyu tare ake amfani da su, ba a rataya a guda ɗaya. Akwai kuma maratayai a baya da gefe na ɗaukar inji da ƙaramin zarton hannu da gorar ruwa. Wani abu da mai ƙera ta bai yi don mu ba amma ya yi mana rana: maɗauran cinya da na ƙugu buɗewa suke yi da maɓalli. In aka kira azahar sai in ɓalle uku in fita, ba sai na zare ta ta ƙafa da takalma cike da garin katako ba.

To, ga inda take ba ni haushi. Wanda ya zana kushin nan bai san zafin watan Afrilu a Kaduna ba, lokacin da kowa ke neman a rage masa rassa kafin iskar farkon damina ta kwashe rufi. Bayan awa ɗaya ƙuguna jiƙe yake sharkaf, da yamma in ka cire ta za ka ga farin gishirin zufa ya zana taswira a jikinta. Sati biyu na yi da ƙurajen zafi zagaye da ƙugu, har sai da na koma sa 'yar shara ta auduga a ciki. Na biyu, in na rataya injin, wanda da mai da komai ya kai kilo huɗu, sai ta riƙa zamowa ta gefen dama, ni kuma ba ni da ƙiba balle ta samu inda za ta tsaya. Maganinsa maɗauran kafaɗa ne, su kuma daban ake sayar da su. A kuɗin nan, a ganina, ya kamata a ce sun zo tare.

Na uku shi ne gadar kanta. Duk wani juyi da ka yi zobe yana gurzar ta, ga ƙurar hunturu da ke shiga cikin zare tana ci kamar yashi. A wata na bakwai na ga ta fara yin gashi-gashi a tsakiya. An yi ta ne dama don a riƙa canzawa, kwance noti biyu ne kawai, amma a nan ba ka da inda za ka shiga ka saya. Sati uku na jira. Yarona ya ce, "Oga, mu yanko igiyar nailan a kasuwa mu ɗaura mana, ai duk igiya ce." Na ce masa duk ruwa ne, amma ba ka shan na kwata. A satuttukan nan ƙananan ayyuka kawai na karɓa, waɗanda tsani da sanda mai zarto ke gamawa, na yi asarar wani babban aiki na rimi.

Ɗan'uwa, in ɗan gwanjo ya nuna maka irin wannan ɗamarar da araha, nemi ranar da aka ƙera ta a jikin ƙyallen. Yawancin kamfanoni shekara 10 suke ba kayan zare daga ranar ƙira, ko da a leda suka kwana, kuma ba ka san wa ya faɗi a cikinta ba, ko a wace rana aka shanya ta. In ƙyallen ya goge ko an yanke shi, ajiye masa kayarsa. Rana tana cin zaren, fetur da ruwan batir sun fi ta. Ni da nake jefa tsohon bel a but tare da jarkar mai, yanzu jaka daban na ware mata. Wanki da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar kaifi, shanya a inuwa. Kowace safiya kafin in hau sai na bi gadar da ɗinkunan da yatsa.

Kafin ka biya, in da hali, ari ta wani ka rataya a mangwaron gidanku kamu biyu daga ƙasa, ka zauna minti goma sha biyar kana juye-juye. Ni ban samu wannan damar ba, sa'a na ci girman ya dace. Gada kuwa biyu na sa a kawo mini wannan karon, tare da maɗauran kafaɗar. Tsohon bel ɗin yarona ya so in bar masa ya fara koyon hawa da shi. Na sa almakashi na yayyanka, yanzu da shi muke ɗaure tsani a saman mota.