Tsohon gidan gado a Ebute Metta: a gyara shi, ko a rushe a gina sabo?

Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a abin da ya bari. Kin ce gidan da ya bar muku kusa da titin Kano a unguwar Ebute Metta ta Legas bene ne na jan bulo mai matakalar katako, rufinsa yana yoyo, filastar bangon tana kumbura daga ƙasa, kuma magada sun rabu biyu: wasu suna son a gyara, wasu suna son a ba wani mai kuɗi ya rushe ya gina hawa huɗu, ya ci haya na wasu shekaru, sannan ya mayar muku. Ga yadda nake ganin hanyoyin biyu idan aka jera su.

Ta fuskar kuɗi, rushewa ita ce mai daɗin ji, domin ba wanda zai sa hannu a aljihunsa. Sai dai wanda zai yi gini a filin da ba nasa ba, buƙatarsa ita ce ginin ya kai ƙarshen wa'adinsa, ba ya kai zamanin jikokinku ba. A gari irin Legas, inda iska take ɗauke da gishiri, kuma ake samun masu kwaɓa siminti da yashin da ba a wanke ba, rodi yakan yi tsatsa a cikin kankare ya fasa shi daga ciki, sai a miƙo muku gini a daidai lokacin da ya fara neman kuɗi. Gyara kuwa daga aljihunku zai fito, kuma kusan kullum yakan wuce lissafin farko, saboda sai an yaye silin ake sanin iyakar ɓarnar gara. Amma ana iya yin sa kashi-kashi, kuɗin hayar shagunan ƙasa suna shigowa, makullin gidan kuma yana hannunku.

Masu son rushewa sukan kafa hujja da tsaro, kuma ba a raina wannan magana. Kowa yana tuna benen da ya faɗi a unguwar Ita Faaji da ke tsibirin Legas a watan Maris na 2019, ya danne yara 'yan makaranta. To amma bene mai hawa 21 da ya rushe a titin Gerrard a Ikoyi, a watan Nuwamba na 2021, ya kashe fiye da mutum 40, ko gama gina shi ba a yi ba. Yawan shekaru kaɗai ba ya kayar da gini. Abin da ya fi kashe tsofaffin gidaje shi ne ruwan da aka bari yana cin su, da nauyin da aka ɗora musu daga baya, musamman inda aka cire daɓen katako aka zuba dekin a kan bangon da ba don shi aka yi ba, ko aka ƙara hawa a kan tsohon fandisho.

Akwai kuma batun fili, wanda magada ba su cika lura da shi ba. Yawancin gidajen wancan zamani a bakin titi suke, sun cika filinsu. Ranar da aka rushe, sabon gini zai bi ƙa'idar yau, wadda ta tilasta barin tazara a gaba da gefe, ga neman izini daga hukumar tsara gari, ga binciken LASBCA mai kula da ingancin gine-gine. Ƙaramin fili yana iya tsukewa ƙwarai bayan an cire wannan tazara. Gyara mai taɓa ginshiƙi ko rufi shi ma yana buƙatar izini, amma gidan yana nan da faɗinsa.

Inda gyara yake lalacewa shi ne wajen bango, kuma a nan nake so ki tsaya wa birkila. Jan bulon waɗannan gidaje da kwaɓi mai laushi aka jera shi, na farar ƙasa da yashi ko na laka, wanda yake shan danshi ya kuma sake shi idan rana ta fito. Ƙasar Ebute Metta tana gaɓar ruwa, danshi yana hawa bango daga tushe, kuma a tituna da yawa an yi ta ɗaga kwalta da kwata har daɓen gida ya koma ƙasa da hanya. Birkilan yau da ya ga filasta ta kumbura zai ce a kankare a shafa siminti mai ƙarfi, a bi da fenti mai sheƙi ko tayil. Wannan rufe ciwo ne kawai, domin danshin ba ya samun mafita, sai ya ƙara hawa sama, gishirin da ke cikinsa ya riƙa narkar da bulon a ɓoye. Duk wanda ya ga katangar ƙasa a cikin birnin Kano da aka bar yi wa yaɓe da makuba aka lulluɓe da siminti, ta rarake daga ciki har ɓawon ya faɗo gaba ɗaya, ya san abin da nake nufi. Maganin shi ne a janye ruwa daga gindin bango, a mayar da filasta irin ta asali, a bar tagogin katako masu shigar da iska. Tsohon katakon loko ko maɗaci da gara ba ta cinye ba ya fi mafi yawan abin da za a sayo yau, don haka a yanke wurin da ya ruɓe a yi masa ƙari.

Game da darajar tarihi, Legas ta ga ƙarshen hanyoyin biyu. Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu, ginin 1855 irin na 'yantattun bayi da suka dawo daga Birazil, an sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, amma aka rushe shi a watan Satumba na 2016, ana jajiberin Babbar Sallah. Gidan Jaekel kuwa, da ke cikin harabar jirgin ƙasa a unguwarku, ginin 1898 ne, ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara shi, yanzu ƙaramin gidan tarihi ne. Ki je ki duba barandarsa kafin taron magada. Ku kuma bincika ko gidanku yana cikin wuraren da jiha ta keɓe, domin idan yana ciki, rushewa ba ta hannunku.

Rushewa tana yin rinjaye idan fandisho ya nutse, bango ya karkata, ko tsaga ta ratsa daga ƙasa zuwa sama tana ƙara buɗewa. Wannan hukuncin injiniyan gini ne mai rajista, wanda ku kuka biya, ba wanda mai son filin ya kawo ba. Abin da kika lissafa, yoyo da kumburin filasta, duka aikin ruwa ne, shi ya sa na karkata ga gyara. Idan rahoton injiniya ya yi kyau, ku rubuta yarjejeniyar abin da kowane magaji zai bayar, ku gama rufi da magudanar ruwa kafin saukar damina a watan Afrilu, ku bar bangon ya sha rani guda ya bushe, sannan a zo kan filasta da wayar lantarki.