Juyayyen aji a darasin tafinta: wace hanya ta dace da sashenku?

A juyayyen aji, ɗalibi yana sauraren bayanin malami a gida, lokacin aji kuma ya tafi wajen aiki. Malaman kimiyya biyu a jihar Kolorado ta Amurka, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, suka yayata tsarin tun 2007. Ya dace da tafinta, domin ƙa'idoji bakwai na ɗaukar bayani a rubuce yayin tafinta, da wani tafinta mai suna Jean-François Rozan ya wallafa a 1956, ana iya koyonsu a ɗaki, amma gyaran bakin ɗalibi sai malami na kusa.

Wajen kai wa ɗalibi darasin gida, hanya mafi araha ita ce murya zalla a rukunin WhatsApp. Sauti mai ƙarfin 64 kbps yana cin kusan rabin megabait a minti, don haka darasin minti goma bai wuce megabait biyar ba. Illarta, malami ba ya sanin wanda ya saurara, kuma alamomin ɗaukar bayani sai an gani da ido. A haɗa da hoton takarda.

Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, da H5P, abin da ake haɗa mata don tsara darasi mai tambayoyi, kyauta ne, kuma H5P yana tsayar da bidiyo ya jefo tambaya. Nan ake kama wanda bai shirya ba, wanda shi ne ke kashe tsarin: idan rabin aji suka zo ba su kalla ba, malami zai koma lacca. Sai dai dole a sami ma'aikacin da zai kula da manhajar.

Inda ya kamata a natsu kafin kashe kuɗi shi ne ɗaukar sautin atisaye. Tafintan bi-da-bi, wanda mai magana ke tsayawa a fassara, wayar hannu ta ishe shi. Na lokaci guda kuwa, wanda ake fassarawa mai magana na cikin magana, yana buƙatar layin sauti biyu, jawabin asali a ɗaya, muryar ɗalibi a ɗaya, don a ji tazarar da ke tsakaninsu da jimlar da ta zube. Audacity, manhajar ɗaukar sauti, yana yin wannan ba ko kwabo, muddin ɗalibi ya sa abin ji mai rufe kunne. In ba haka ba, jawabin zai kutsa cikin makirufo ya cakuɗa komai. Tashar tafinta ta Zoom sai mai asusun biya. Akwatin tafinta, wato ɗan ɗakin da tafinta ke zama a ciki, da na'urorin kamfanin Televic su ne kamar ainihin zauren taro, amma tsadarsu ba ta dace da ajin farko ba.

Jawaban atisaye fa? Rumbun Speech Repository na Hukumar Tarayyar Turai ya jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, da Ingilishi da Faransanci, amma babu Hausa. Na Hausa sai malamai su ɗauka da bakinsu: minti uku zuwa biyar, kalma 100 zuwa 120 a minti, ba karatu daga takarda ba. Labaran rediyo sun yi wa mai koyo sauri.

Sashen da kuɗinsa kaɗan ne ya fara da Moodle da Audacity, ya sayi abin ji mai kyau ga kowane ɗalibi.