Sharhi: ThingsBoard wajen lura da ɗakunan sanyi

Mai ɗakin sanyi ba ruwansa da jadawalin lambobi. Idan ya kira ka, tambayarsa ɗaya ce: "Injiniya, kayana lafiya?" Amsar kuwa ba ta cikin ma'aunin zafi shi kaɗai. Daskararren kifi da kaji ana so su zauna a digiri 18 ƙasa da sifili. To amma ɗakin da sensa ke nuna digiri 8 ƙasa da sifili yana iya kasancewa lafiya lau, narkar da ƙanƙarar da ta taru a jikin injin kawai yake yi, kamar yadda aka tsara masa. Yana kuma iya kasancewa kwamfuresa ce ta tsaya, kayan mutane na shirin lalacewa. Da wannan na auna ThingsBoard: shin tana taimaka mini in san halin da kowane ɗaki yake ciki, da dalilin da ya sa ya bar wani hali ya shiga wani?

ThingsBoard manhaja ce ta tattara bayanan na'urori ta intanet, an rubuta ta da Java. Sigar Community Edition kyauta ce ƙarƙashin lasisin Apache 2.0, akwai kuma Professional Edition ta kuɗi. Ni ta kyautar na ɗora a kan sabar haya, wato kwamfutar da ake haya ta intanet, tare da PostgreSQL, manhajar adana bayanai. A kowane ɗaki akwai ɗan allon lantarki ESP32 da sensar auna zafi DS18B20, suna turo awo ta MQTT, hanyar aika saƙo tsakanin na'urori. Abin da ya fara burge ni shi ne yadda ta raba na'ura da kadara. Sensa na'ura ce, ɗakin sanyi kadara ne, rumbun da ɗakunan ke ciki shi ma kadara ne, sai ka ɗaure su da alaƙa. Ƙararrawar da ta tashi a sensa tana iya haurawa har kan rumbun, don haka mai gida yana kallon sunan rumbunsa ne, ba wata lambar allo ba.

Tsarin sauyin hali iri biyu ta zo da shi a shirye. Na farko na ƙararrawa ne, kuma shi na fi yabawa. Kowace ƙararrawa tana ɗaya daga hali huɗu: tana ci ba wanda ya amsa, tana ci an amsa, ta lafa ba wanda ya amsa, ta lafa an amsa. Na ukun nan shi ne mai daraja. Ƙarfe biyu na dare zafi ya hau, janareta ya makara kafin ya ɗauka, can sai komai ya koma daidai. Da safe ma'auni zai nuna maka lafiya, amma ƙararrawar tana nan zaune a dashbod, wato shafin da ake kallon bayanai, tana jiran wani ya danna ya ce ya gani. Sau da dama daga nan ake gano batirin janareta ya fara mutuwa tun kafin ya kunyata mutum. Kuma ba ta tara maka ƙararrawa iri ɗaya a kan na'ura ɗaya. Idan wadda ke ci ba ta lafa ba, ita ake sabuntawa, sai dai tsananinta ya ƙaru daga gargaɗi zuwa babba zuwa mafi tsanani, cikin matakai biyar da take da su.

Dokokin tashin ƙararrawa ana rubuta su a furofayil na na'ura, wato saitin da na'urori iri ɗaya ke bi, ba sai ka iya rubuta manhaja ba. Sharaɗin tashi daban, sharaɗin lafawa daban, kuma wannan rabuwar ita ce ke hana wayar mutum kuka dare da rana. Ni na sa ta tashi idan zafi ya haura digiri 15 ƙasa da sifili ya kuma daɗe minti 20 a haka, ba za ta lafa ba sai sanyi ya wuce digiri 17 ƙasa da sifili. Da iyaka ɗaya aka sa wa duka biyun, duk lokacin da leburori suka buɗe ƙofa suna lodin kwali sai ta tashi ta kwanta, ta tashi ta kwanta, har mai gida ya daina duba saƙon. Wanda ya taɓa aiki da Nagios, manhajar lura da kwamfutoci, zai tuna yadda take sake gwada abu kafin ta tabbatar da matsala. Nan ma akwai makamancin haka, kana iya cewa sai sharaɗin ya maimaitu sau kaza.

Tsari na biyu da ta zo da shi shi ne na raye ko shiru. Idan na'ura ta yi daƙiƙa 600 ba ta turo komai ba, sai a ɗauke ta a matsayin wadda ta yi shiru, kuma kana iya canza wannan wa'adin ga kowace na'ura. A wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sabis na waya yana zuwa yana tafiya. Ɗakin da ba a ji daga gare shi ba, ba za a ce lafiya yake ba, ba kuma za a ce ya lalace ba. Halinsa daban ne, ni "ba labari" na sa masa, da launin toka.

Daga nan aiki ya dawo kanka. Halin ɗakin kansa, wato sanyi daidai, narkarwa, lodi, zafi na hawa, gyara, sensa ta lalace, ba labari, kai ne za ka gina shi a sarƙar dokoki. Sarƙar zane ce ta akwatuna da layuka wadda saƙo ke bi: wannan akwati ya ɗauko halin da aka ajiye a bayanan na'ura, na gaba ya duba sabon awo da ɗan gajeren rubutun manhaja na JavaScript ko TBEL (harshen rubutu na ThingsBoard), na gaba ya ajiye sabon hali. Yana aiki sarai. Sai dai abin da kake gani a allo hanyar saƙo ce, ba taswirar hali ba, don haka wanda ya gaji aikinka ba zai kalli zanen ya gane cewa daga narkarwa ba a tsallakawa kai tsaye zuwa mafi tsanani ba. Shawarata, a zana da'irori na halaye da kibiyoyi na sauyi a takarda tukuna, a tara duk sharuɗɗan sauyi a akwati ɗaya maimakon a warwatsa su, a kuma liƙa hoton takardar inda kowa zai gani.

Abubuwa biyu ne ke cizon mai gina irin wannan. Abu na ɗaya, sensar DS18B20 idan ta tashi daga ɗaukewar wuta kafin ta gama awo tana bayar da 85, idan kuma wayarta ta tsinke, manhajar da aka saba karanta ta da ita tana bayar da 127 ƙasa da sifili. Duka biyun ba zafin ɗaki ba ne. Idan ba ka ware musu halinsu ba, na farko zai tada mai gida tsakar dare a banza, na biyun kuwa ya fi muni, don zai nuna ɗakin ya fi kowane sanyi alhali ɓera ne ya ci waya. Abu na biyu da ke cizo kuma jerin zuwan saƙo ne. Sabis ya dawo, allo ya zazzago awon da ya tara a lokaci guda, saƙo biyu suka karanta tsohon hali kafin ɗayansu ya rubuta sabo. Maganinsa yana cikin manhajar: a furofayil ka zaɓi layin SequentialByOriginator, sai saƙonnin kowace na'ura su bi ɗaya bayan ɗaya. Ni na ƙara da cewa duk awon da lokacinsa ya girmi sauyin ƙarshe, a ajiye shi a tarihi amma kada ya taɓa hali.

Halin gyara na yi shi da maɓalli a dashbod, mai gyara ya danna, ƙararrawa ta yi shiru. Na sa masa wa'adin awa 2 ya koma da kansa, domin mai gyara ɗan Adam ne, zai kwashe kayan aikinsa ya hau babur ya manta.

Wurin binciken kuskure ThingsBoard ta yi abin yabo: ka kunna bibiya a kan akwati, ka ga saƙon da ya shiga da wanda ya fita. Ana kuma fitar da sarƙa a matsayin fayil na JSON ko a ajiye ta a Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin gyare-gyare, abin da ke ba ka damar komawa baya idan sabon gyara ya rikita lissafi. Sai dai ThingsBoard tana cin ƙwaƙwalwar saba, kada a matse mata.

Wanda bukatarsa ba ta wuce "ya yi zafi, a sanar da ni" ba, furofayil ya ishe shi, a yini ɗaya zai kammala. Mai son sanin halin kowane ɗaki dalla-dalla kuwa, ya tanadi mutum guda da ya iya ɗan rubutun manhaja, ya kuma zaunar da shi da mai gyaran firiji kafin a fara, domin mai gyaran ne ya san sau nawa kowane inji ke narkarwa a rana da tsawon lokacin da yake ɗauka.