Darasin tarihin Koriya da na saya: ina sauran kashi na 9?

Na daɗe ina kallon finafinan Koriya na fassara, ina son in san wanne ne tarihi, wanne ne ƙarin gishirin masu fim. Shi ya sa da na ga tallan darasin murya na wani malami a WhatsApp, kan masarautu uku na tsohuwar Koriya, wato Goguryo da Bekje da Shilla, ban yi wata-wata ba na tura kuɗin.

Tsakani da Allah farkon ya yi armashi. Wanda ya fi tafiya da ni shi ne na Sarauniya Sondok ta Shilla. A shekarar 647 babban wazirinta Bidam ya yi mata bore, wai mace ba ta iya mulki ba. Ana cikin haka tauraro ya faɗo, jama'a suka ce shi ke nan, ta sarauniya ta ƙare. Sai sarkin yaƙinta Kim Yushin ya sa aka cinna wa mutum-mutumi wuta, aka ɗaga shi sama da dare da irin abin nan da yara ke sakewa da zare, gari na wayewa aka baza labari cewa tauraron ya koma inda ya fito. Sau uku na saurare shi, har uwargida ta ce ko jarrabawa zan rubuta. A ranar da an tambaye ni, cewa zan yi kowa ya saya.

Sai kashi na 9. Malam ya shirya labarin tsaf: shekarar 642 ce a Goguryo, Sarki Yongnyu da fadawansa sun ƙulla yadda za su kawar da Yon Gesomun, wani babban jagoran sojan ƙasar, saboda ya fara fin ƙarfinsu, shi kuma labari ya kai masa. Ya shirya liyafa da faretin soja, ya gayyato manyan ƙasa. Malam yana cewa "da suka zazzauna", sai ɗif! Na ɗauka data ce ta ƙare, na sake saukewa, nan dai ya tsaya. Na buɗe kashi na 10, sai ga mu a 668, Piyongyan, babban birnin Goguryo, ta riga ta faɗi hannun daular Tang ta ƙasar Sin da Shilla. Haba Malam! Shekara 26 fa ka tsallake.

Da kaina na je na nemo sauran. Ashe a wajen liyafar nan aka karkashe manyan fada sama da 100, Yon Gesomun ya wuce fada ya kashe sarki, ya ɗora ɗan ɗan'uwan sarkin, Bojang, a karaga, shi kuma ya riƙe akalar komai. Yadda Sarkin Tang Taizong ya kasa cin garin Ansi na Goguryo a 645, faɗuwar Bekje a 660, da yadda 'ya'yan Yon Gesomun suka kaure da rikici bayan rasuwarsa har babbansu Namseng ya koma ɓangaren Tang, duk babu ko ɗaya a darasin. To ba nan ne tsokar labarin ba?

Na yi wa mai kula da zauren WhatsApp na darasin magana, ya ce, "Yi haƙuri Yallaɓai, gobe za a gyara." Yau mako uku ke nan. Abin da ya ƙara ɓata min rai, jiya sai ga sanarwa wai za a fitar da kashi na musamman kan Yon Gesomun, amma da kuɗinsa daban. Wato abin da na riga na biya za a sake sayar min. Yanzu ma na tuna, a kashi na 4 akwai kukan zakara da ƙarar janareta, na dai kau da kai ne saboda labarin ya yi daɗi.

Malam ya san tarihi, wannan ba zan hana shi ba. Amma ko sisina ba zai sake gani ba sai na ji abin da ya faru bayan sun zazzauna, daga bakinsa.