Cobra, Seven, Speedster ko MGB: wacce za ka haɗa a garejinka?

Duk wanda ya taɓa kallon tsofaffin hotunan tseren Mille Miglia ko Targa Florio na Italiya, inda ake gudu a kan titin da jama'a ke bi kullum, ya san irin motocin da ke shiga rai: gajeru, ba rufi, da farar da'ira a jikin ƙofa mai ɗauke da lamba. Na asalin sun fi ƙarfin aljihun kusan kowa. Cobra 427 ta gaske kan haura dala miliyan ɗaya a wajen gwanjo, Porsche 550 Spyder kuwa miliyoyi ake magana. Shi ya sa a Amurka da Ingila mutane ke sayen kayan mota a cikin akwatuna su haɗa da hannunsu. Kafin ka tura kuɗi, abin da ya kamata ka auna shi ne yawan aikin da ke jiranka bayan an sauke akwatunan, domin a nan ne motocin nan huɗu suka sha bamban.

Cobra ce ta fi jan hankali. A 1962 Carroll Shelby ya ɗauki bodin AC Ace ta Ingila ya cusa mata injin Ford mai silinda takwas, kuma 'yar uwarta mai rufi, Daytona Coupe, ta ci gasar duniya ta ajin GT a 1965. A yau kamfanin da ya fi suna wajen sayar da kayan haɗa kwaikwayonta shi ne Factory Five Racing, wanda aka kafa a 1995, mai mazauni a Wareham ta jihar Massachusetts. Tsari biyu gare su. Ko dai ka sayi ƙaramin kunshi ka nemo tsohuwar Ford Mustang ka kwance birki da wayoyi da ƙafafu daga jikinta, ko ka sayi cikakken kunshi na sababbin kaya. Ni cikakken nake ba da shawara, domin wanke tsofaffin kaya da gyara su yana cin lokacin da ya fi kuɗin da ka rage. Amma ka lura da kalmar "cikakke". Babu inji a ciki, babu giyabos, babu tayoyi, babu fenti. Bodin na faiba ne, yana zuwa da tabon mahaɗa, kuma daidaita ƙofofi da bonet da goge shi kafin fenti aikin gwani ne mai tsada. Motoci da dama a wannan matakin suke kwana, ga inji yana tashi, ga bodi ba fenti a gefe, shekara ta zagayo.

Akwai kuma maganar rai. Tsakanin tayoyin gaba da na baya inci 90 ne kacal, nauyin motar bai wuce tan ɗaya da ɗoriya ba, kuma babu na'urar da za ta tare ka idan bayanta ya zame. Mutane na son su ce injinsu 427 ne, wato babban mai lita bakwai, mai ƙarfin doki ɗari biyar. Ƙaramin injin Ford 302, mai lita biyar, ya ishe ka har ya yi yawa, ya fi sauƙin nauyi a gaba, kuma ya fi kusa da Cobra 289 da ta yi yawancin tseren tituna a Turai. Salansar da ke bin gefen ƙofa tana ƙona ƙafa in ka sauka da garaje, zafin inji kuma yana dukan sawu. Wanda yake son Cobra amma ba ya son aikin bodi sai ya duba Superformance, wadda ake ƙerawa a Gqeberha ta Afirka ta Kudu. Tana zuwa da fenti da kujeru a kan tayoyinta, inji da giyabos kawai za ka saka. Kuɗin ya ninka, rabonka na aikin hannu kuma ya ragu ƙwarai.

Seven daban take. Colin Chapman ya fito da Lotus Seven a 1957, Caterham kuma ta sayi haƙƙin ƙera ta a 1973, don haka ita ba kwaikwayo ba ce, ci gaban ta asalin ce. Akwatunanta suna zuwa da komai har da inji, an riga an yi fenti, an shimfiɗa wayoyi da bututun birki. Babu walda, babu yanka. Da sifana da jak da littafin umarni mutum mai haƙuri zai gama cikin 'yan watanni yana aiki a ƙarshen mako. Mafi ƙanƙantarsu, Seven 170, injin Suzuki ne da ita mai silinda uku, 660cc, ƙarfin doki 84, amma nauyinta kilo 440 ne, don haka a kan kwana tana ba manyan motoci kunya. Masu injin Ford na lita biyu sun fi ta gudu nesa ba kusa ba. Aibinta shi ne matsi. Mai jiki ko dogo ya nemi faffaɗan shasi da suke kira SV, kuma ya zauna a ciki kafin ya biya, da takalmin da zai riƙa tuƙi da shi, saboda totur da birki da kuloci a manne suke da juna.

Ta uku ita ce wadda ta fi kusa da mu. Porsche 356 Speedster ta 1954 dangin Volkswagen Beetle ce, wato Boswajar da aka fara harhaɗawa a Legas a 1975: inji a baya, silinda huɗu a kwance, iska ke sanyaya shi, babu lagireto. Yawancin kwaikwayonta a kan ƙasan Beetle ake ɗora su, bayan an yanke santimita 30 daga tsakiya an sake waldawa, domin tazarar tayoyin Beetle mita 2.4 ce, ta 356 kuwa 2.1. Wannan waldar ita ce ran motar. In ta karkace ko da kaɗan, har abada sitiyari zai riƙa ja gefe guda. Chesil a Ingila ta daɗe a wannan sana'a, Beck a jihar Indiana kuma tana amfani da shasin bututun ƙarfe, tana yin Speedster da 550 Spyder. Injin Beetle na 1600cc bai wuce ƙarfin doki hamsin ba, shi ya sa ake faɗaɗa shi zuwa 1776cc ko 1915cc, wasu kuma su saka na Subaru. Speedster motar yawon yamma ce. Mai son ƙamshin tsere ya ɗauki Spyder, irin wadda Umberto Maglioli ya ci Targa Florio da ita a 1956, amma ya sani ba ta da wurin kaya kuma kariyarta daga ruwan sama kaɗan ce. Daɗin wannan hanya shi ne har yanzu akwai tsofaffin makanikai a garuruwanmu da suka san injin Boswaja ciki da bai.

Duk ukun nan akwai ƙofar da ba za su shiga ba. Mille Miglia ta yanzu motocin asali kawai take karɓa, na samfurin da ya yi tseren tsakanin 1927 da 1957, kuma manyan gasannin tsofaffin motoci suna neman takardar FIA, wato hukumar tseren motoci ta duniya, da ke tabbatar da cewa motar ta dace da tsarin zamaninta. Bodin faiba a kan shasin zamani ba ya samun wannan takarda. Wanda burinsa ya yi tsere na gaske a gasannin da ke neman wannan takarda sai ya koma ga MGB, tsohuwar motar kamfanin MG na Ingila. An ƙera fiye da rabin miliyan tsakanin 1962 da 1980, ta yi tseren Le Mans na Faransa daga 1963 zuwa 1965, kuma kayan gyaranta suna da arha da yawa. Kamfanin British Motor Heritage ma yana buga sabon bodinta da ainihin kayan aikin masana'antar. Ka nemi ta farkon shekarun 1960 idan gasa kake so, ka cire bamba, ka saka ƙarfen kariya bayan kujera da kafireto na Weber. Makiyinta tsatsa ne, musamman a dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, wanda shi ke riƙe da motar gaba ɗaya. Ka je da maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa a jikin wannan ƙarfe an cike wurin da foti ne.

Da ni ne mai haɗa mota karon farko, Seven zan ɗauka, domin ita ce na fi tabbacin za ta fita daga gareji da ƙafarta. Wanda ya iya walda kuma yana da Boswaja mai takardu, Speedster ta fi masa. Mai niyyar shigo da kowace daga cikinsu Najeriya ko Nijar ya yi odar mai sitiyari a hagu, tunda a hannun dama ake tuƙi, kuma yawancin na Ingila a dama nasu yake. Ya kuma auna tsayin cikinta daga ƙasa, domin kaskon man Seven yana zaune ƙasa ƙwarai, tudun rage gudu guda ɗaya ya isa ya fasa shi.